Tagar da Sumie Ta Ƙara

Sumie ba ta taɓa faɗa wa maƙwabta aikin da ta yi a Tokyo tana budurwa ba. Zanen wani wasan kwamfuta ne na manya, inda namiji ke neman soyayyar matan zane har ɗaya ta amince. Ita ba ta zana mutum ba. Nata gine-gine ne da sararin sama, ɗigo bayan ɗigo. Da aka ce ta zana tashar jirgin ƙasa, sai ta zana ta ƙauyensu, ta ƙara mata zagayayyar taga da babu ita a gaske, don haske ya sauka a fuskar mai jira.

Ta tsufa a ƙauyensu tana sayar da tofu, wato awara, sa'ad da gobara ta cinye tashar. Sai ga maza masu furfura daga ko'ina, waɗanda suka yi wasan suna samari, da katako da zanenta a hannu, suka sake gina ta.

Ranar buɗewa Sumie ta tsaya baki sake. Okabe kafinta, sa'anta, ya zungure ta.

"Rufe baki kar ƙuda ya shiga. Yau kika fara ganin tashar nan?"

"Wannan tagar fa?"

"Tun zamanin kakana take nan. Tsufa ya fara taɓa ki."

Ta zauna a benci, hasken hantsi ya ratso tagar ya sauka a fuskarta, daidai inda ta ajiye shi.