Shirun da Furodusa Ya Yanke Min

Jiya a wani situdiyo da ke unguwar Gudu, furodusa ya kunna min sabuwar waƙata, na ji tana sauri kamar an biyo ta da sanda. Duk inda na yi shiru bayan na saki zolaya, ya bi ya yanke.

"Oga, gyara na yi maka," in ji shi, yana juyi a kujera. "A Landan an koya mana ba a barin rami a waƙa."

Wai rami!

Na ce, "Malam, a ramin nan mutane ke dariya."

A Jiwa na tashi, a gindin rediyon Baba mai ɗaurin roba. Ran Asabar in wani ɗan barkwanci ya saki magana a rediyon, sai ya yi tsit, gidanmu ya kwashe da dariya, har Inna ta ajiye taɓarya. Sai mun lafa yake ci gaba, kamar yana ganinmu. Wurinsa na koyi waƙa.

Irin shirun nan ne furodusa mai digiri ya goge min, har yana jiran godiya.

Na tsaya a kansa sai da ya mayar da kowane shiru. Jama'a, ku faɗa min: wanda bai iya jira a gama dariya ba, me ya sani a waƙa?