Ranar da Yaya Dulma Ta Ambaci Zud

Yayata Dulamsuren, wadda kowa a Bayankhongor ke kira Dulma, in ta fara tallan ƙasar nan sai ka rantse ita ta haife ta. Ba ma'aikaciyar gwamnati ba ce, ba ta da ofis sai kujerar gaban motata. Amma na taɓa ganin ta tare wani Bajamushe a gidan mai, mutumin da hanya kawai ya tsaya tambaya, ba ta sake shi ba sai da ya goga gashin akuya a kumatunsa, ya yarda cewa duk duniya babu irin na Mongoliya. Ni ne ƙaninta, ni ne direbanta, ni ne kuma mai jin kunya a madadinta, don ranar da aka yi rabon kunya ita ba ta nan.

Tana budurwa ta tafi Koriya, ta kama aiki a masana'antar saƙa rigunan sanyi. Can ta iya yarensu har da zagi. Can kuma abin ya fara cin ta a rai. Diloli suna shigowa, da ta sa hannu ta san na awakinmu ne, lallausan gashin nan na ƙasa da muke tajewa in sanyi ya kau. Amma sunan wata ƙasa ne a jikin dilar, saboda 'yan tsakiya sun saye shi a wulaƙance, sun tsallaka iyaka da shi, an wanke a can. Ta ce wata rana ta faɗa wa mai kula da su cewa wannan gashin garinsu ne, ya yi dariya ya ce ai shi ya zaci dawaki kaɗai gare mu.

Da ta dawo ba ta sayi gida a Ulaanbaatar kamar sauran ba. Ta bi kwari tana shiga ger bayan ger, wato zagayayyun tantunan da makiyayanmu ke zama a ciki, tana shan shayin madara har cikinta ya kumbura, tana tara makiyaya su zama ƙungiya ɗaya. Burinta a fili yake: wani kamfanin waje ya zo ya kafa wurin wanki da tace gashi a nan lardinmu, ya saya daga hannunmu kai tsaye, kaya su fita da sunan ƙasarmu. Duk shekara sai na kai ta baje kolin babban birni da buhunanta. Teburin da take samu kullum na kusa da ƙofar bayan gida ne, ta ce ita ta fi son nan, ai babu attajirin da ba ya bi ta wajen.

Baƙi kuwa sun zo. Mun kwaso Turawa, mun kwaso Japanawa, sun ci nama, sun hau raƙumi, sun ɗauki hoto, sun ce za su kira. Har yau muna jira. Su kuma makiyaya suna riƙe da gashinsu saboda Dulma, suna kallon motocin 'yan tsakiya suna wucewa. Haƙuri ya fara ƙarewa. Baffa Jambal, yayan babanmu, wanda in ya juya duk kwarin ke juyawa, ya kira ta ya ce, "'Yata, bana ce ta ƙarshe. In baƙonki na bana ma hoto ya zo ɗauka, zan sayar wa mai mota, kuma kin san ba ni kaɗai zan sayar ba."

Ana cikin haka aka yi wa Dulma waya. Ina ƙarƙashin mota ina fama da wani ƙarfe, sai na ji ta ja ni ta ƙafa.

"Gansuk! Fito, malalaci! Mai kamfani ce da kanta za ta zo, ba yaron aike ba!"

"Yaya, bara ma haka kika ce."

"Bara ɗan yawon buɗe ido ne da rigar kwat. Wannan matar ta tambaye ni ko akwai ruwa da wuta a garinmu. Wa ke tambayar ruwa in ba mai niyyar zama ba? Tashi ka wanke wannan akwalar taka, tana warin tunkiya!"

Sunan matar Madam Seo, daga Koriya. Labari ya game kwari kafin in gama wankin motar. Aka yanka tunkiya a gidan Baffa, aka gasa duwatsun dafa nama, Inna Tsende matarsa ta fito da rigarta ta siliki da ba ta sa sai biki. Har ni da nake gunaguni, na sami kaina ina goge gilashi ina waƙa.

Madam Seo ƙaramar mace ce mai furfura, ba ta da yawan dariya, amma ta san abin da take yi. Ta tsallake dokin ƙofa ba ta taka ba. Ta karɓi ƙwaryar shayi da hannun dama. Baffa ya miƙa mata kitsen wutsiya, ta cinye ba ta yamutsa fuska ba, Inna ta dube ni ta ɗaga gira. Da aka buɗe buhu ta tsoma hannu har gwiwar hannu, ta ja sili ta ɗaga wa hasken da ke shigowa ta saman ɗaki, ta daɗe tana kallo. Sai ta faɗi wata kalma ɗaya. Ban iya yarensu ba, amma na ga kunnuwan Dulma sun yi ja don murna.

"Me ta ce?" in ji Baffa.

"Ta ce ba ta taɓa taɓa irinsa ba, Baffa!"

"To, ashe tana da hannu."

Ɗaki ya kaure da dariya. Maƙwabta da ke leƙe ta ƙofa suka fara tura juna. Ni kam zuciyata har ta kafa injuna, ta sa ni shugaban direbobi.

Sai Madam ta ajiye ƙwarya ta yi wata tambaya mai ɗan tsawo. Dulma ba ta fassara ba. Ta yi murmushi ta amsa da sauri. Madam ta sake tambaya, Dulma ta sake ba ta amsa iri ɗaya, muryarta ta ƙanƙance.

"Ke, me kuke ƙus-ƙus?" in ji Baffa. "Da ni take magana ko da ke?"

Dulma ta sunkuyar da kai. "Cewa ta yi, in zud ya zo, awaki suka mutu, da me za mu cika mata alkawari?"

Zud shi ne sanyin da ke rufe ciyawa da ƙanƙara ya kashe garke a tsaye, kuma mu ba ma kiran mugun abu da baki. Ka tambayi makiyayi yaya dabbobi, ko jiya kyarkeci ya yi masa ɓarna, lafiya lau zai ce maka. Inna ta tofar da yawu gefe. Baffa ya ture kwanon nama.

"Ta ci namanmu, tana kira mana mutuwa? Gaya mata dabbobinmu lafiya suke, sanyin bana ma lafiya zai wuce."

"Haka na gaya mata, Baffa."

Madam Seo ta tashi, ta yi godiya cikin ladabi, ta fita. Fuskarta ta rufe ruf. A mota ta yi wa Dulma magana a hankali, ni ina riƙe da sitiyari ban tayar ba. Can Dulma ta juyo, idonta ya kawo ruwa.

"Ka san me ta ce? Ta ce duk inda ta je a ƙasar nan ta yi wannan tambayar, kowa ya ce ba zai zo ba. Ta ce ba za ta zuba injuna a hannun mutanen da ba su taɓa tunanin muguwar shekara ba." Ta dafe kai. "Gansuk, duk sun yi mini ita. Bajapanen nan ya yi, Baturen ma ya yi. Kowanne na ce masa lafiya lau. Ashe ni nake korar su da bakina!"

Ban taɓa jin tausayinta kamar lokacin ba. Amma Dulma ba ta iya zaman makoki. Ta buɗe ƙofa ta dira, ta koma ɗaki, na ji muryarta tana roƙo. Ban san da me ta lallashi tsohon ba. Ya fito yana huci, ya hau babur ɗinsa, Dulma ta ce in bi shi zuwa inda yake zama da dabbobinsa lokacin sanyi, bayan dutse.

A can, a gindin dutsen da ke tare iska, komai yana nan yadda muka saba gani har ba ma ganinsa: ɗakunan dabbobi na dutse masu rufi, busasshen taki shimfiɗe da kauri don ɗumi, ragowar tarin ciyawa mai tsayin ɗaki, buhunan dusa a rumbu. Dulma ta tsaya a tsakiya. Ta fara da yarenmu don Baffa ya ji, sannan ta juya wa Madam.

"Zud zai zo," in ji ta. "Ya taɓa zuwa, zai kuma."

Baffa ya juya mata baya.

Ba ta tsaya ba. Ta faɗi shekarar da ya zo mana, abin da tun muna yara ba wanda ya ƙara ɗagowa a gidanmu: yadda awakin babanmu suka daskare a jingine da juna, yadda ni da ita muka riƙa jan gawarwaki da igiya, yadda abin ya kore ta zuwa Koriya. Ta nuna ciyawar, ta ce tun da aka kafa ƙungiya kowane gida ke yanka nasa ya ƙara da na ajiyar kowa. Ta nuna wani kwari can nesa da aka hana kiwo duk damina, an bar shi don muguwar rana. Ta ce duk gidan da garkensa ya faɗi, sauran gidaje ke haɗa masa 'yan awaki ya tashi.

"Wasu za su mutu," ta ce. "Har na Baffa za su mutu. Amma ba duka ba, kuma ba a duk kwaruruka lokaci ɗaya ba. Gashinki zai ragu a shekarar, ba zai yanke ba. Mun daɗe da shiri, faɗarsa ce ba ma yi."

Madam Seo ta zaga wurin, ta cusa hannu cikin ciyawa, ta leƙa rumbu, ta yi tambayoyi, Dulma na amsa kowace ba kwana-kwana. Daga ƙarshe ta kama hannun yayata da hannu biyu. Gashin bana duka za ta saya, kuma kafin ciyawa ta bushe za ta turo masu duba filin gini. Na yi ihu har awakin da ke kan dutse suka watse. Dulma tana dariya tana kuka. Da muka waiga, Baffa ya riga ya tayar da babur ya tafi.

Murnar Dulma ta ragu rabi. Da safe muka biya ta gidansa sallama, tana tafe kamar mai zuwa karɓar hukunci. Bai fito ba. Madam ta shiga mota, na tayar, Dulma tana kallon ƙofar ger ɗin. Sai ga tsohon, Inna a bayansa da bokitin madara da ludayi.

"Watsa wa ƙafafun motar," ya ce da Inna. "Watsa da yawa, wannan baƙuwar muna so ta dawo."

Sannan ya karɓi ludayin, ya cika, ya miƙa wa Dulma ta taga.

"Ungo, kurkure bakin nan naki. Da ubanki yana da mai faɗa masa haka tun kaka, da ba ki je saƙa wa wasu riguna ba."

Ta kurkure, ta haɗiye sauran. Muna tafe Inna na watsa madara a bayanmu, Dulma kuwa ta kasa fassara wa Madam ko kalma ɗaya har muka hau babbar hanya.