Shaidar da Muka Bayar a Gindin Aduwa

A ƙauyenmu, tsakanin Roni da Kazaure, idan rigimar iyakar gona ta tashi, mai gari ba ya yanke hukunci daga zaure. Dattawa bakwai yake ɗiba a taka zuwa gonar, kowa ya nuna inda ya san iyaka take. Wanda ya fi tsufa shi ke farawa, a gangaro har kan ƙarami. Muna alfahari da wannan tsari, muna kiransa ladabi. Sai da na tsufa na gane cewa mutum ɗaya ne ke ba da shaida, shida su yi masa amshi.

Shekarar da aka fara sa ni cikin bakwai ɗin, rigimar tsakanin wani Bafulatani maƙwabcina ce da wani ɗan kasuwa da ya sayi gonar da ke yamma da tasa. Itatuwan aduwa biyu ne a wurin, tsakaninsu bai fi taku talatin ba. Bafulatanin ya ce ta yamma ce iyaka, ɗan kasuwa ya ce ta gabas. Wannan ɗan filin da ke tsakani ba wani amfanin kirki yake yi ba, amma ta nan shanun Bafulatanin ke bi su sauka tafki. In ya rasa shi, da damina gonakin mutane sun rufe shi ta ko'ina, shanunsa ba su da hanyar ruwa.

Ni kuwa na san amsar sarai. Damina huɗu ina yi wa Bafulatanin huɗa da garmar shanu, kuma a gindin aduwar yamma nake juya bijimai. A reshenta nake rataye gorar ruwana.

Babbanmu a lokacin idonsa ya yi yana, sai an ja masa sanda. Aka tsayar da shi kusa da aduwar gabas don ta fi inuwa. Da mai gari ya tambaye shi, ya ɗaga sandar ya nuna itacen da yake iya gani. Ba ƙarya ya yi niyya ba, iyakar ganinsa ke nan.

Na biyu ya ce yadda Baba ya faɗa. Na uku ya ce haka ne, ko kai bai ɗaga ba, yana ta kakkaɓe ƙaya daga takalminsa. Na huɗu shi ne wanda kullum yake cika baki a majalisa cewa ko a gaban alƙali ba ya haɗiye magana. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya kamar zai yi huɗuba, sannan ya ce ai Baba ya gama magana. Na biyar ya ƙara da cewa tun yana yaro ya san haka, alhali a Babura ya girma.

Ni ne na shida. Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne, kafin a iso kaina har na fara shakkar abin da na sani. Na riƙa tambayar kaina ko dai ni ne na ruɗe, ko a ta gabas nake juya bijiman. Mutum biyar da furfura ba za su taru a kan kuskure ba. Bafulatanin yana tsaye gefe da sandarsa a kafaɗa, bai kalli kowa ba sai ni.

Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

Ko goro ɗaya ba wanda ya ba mu. Da sayen mu aka yi, da na ce kwaɗayi ne, kwaɗayi kuwa ko banza yana da dalili. Ɗan kasuwar da kansa ya yi mamaki, domin daga baya ya faɗa cewa ya zo ne da shirin a raba filin biyu.

Bafulatanin bai yi musu ba. Ya yi damina ɗaya yana biyan ɓarna duk lokacin da saniya ta leƙa gonar wani, da kaka ya sayar da tasa ya koma wajen Gwiwa.

Bayan shekaru, a zaman makokin babban namu, maganar ta taso. Sai ga shi huɗu daga cikinmu duk sun san ta yamma ce. Kowa ya ɗauka shi kaɗai ne ya ga haka. Mai cika bakin nan ya ce ai ba a ƙaryata babba a gaban jama'a, aka kwashe da dariya. Ni ma na yi dariyar, don na ga ana yi.

Bara na hau acaɓa na tafi Gwiwa nemansa. Na same shi ya tsufa fiye da ni, yana zaune a ƙofar gida yana tufka igiya. Ya gane ni, ya sa aka kawo fura, muka gaisa har da tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sannan na faɗa masa abin da ya kawo ni. Na ce in ya yarda zan je gaban mai gari na yanzu in faɗi gaskiya.

Ya ce, "Malam, hanyar shanu za ka karɓo mini? Shanun ai sun ƙare. Nan da na zo wurin bai karɓe su ba."

Ya ce sauran bai riƙe su da komai ba, don bai san abin da suka sani ba. Ni kuwa matarsa ce take kai mini abinci gindin aduwar.

Na roƙe shi gafara. Ya daɗe yana murza igiyar a cinyarsa, sannan ya tambaye ni ko sauran sun san na zo. Na ce ba wanda ya sani, ni kaɗai na taso.

"To," in ji shi, "wannan kam sabon abu ne. Ka ba ni lokaci in duba."

Ya raka ni har bakin titi, ya tsaya sai da na sami mai babur. Yau wata goma sha ɗaya ke nan, bai aiko ba.