Tsutsotsin Fulawa a Bayan Katangar Challawa

Akwai wata safiya a Challawa da ba na jin za ta taɓa fita daga raina, ko da yake shekaru sun ja, wataƙila na cakuɗa wasu abubuwan.

Lokacin ina binciken digiri na biyu kan tsuntsaye. Nakan kwaɓa fulawa in murza ta kamar tsutsa, wasu in shafa musu kore, wasu ja da baƙi irin na ƙwarin da ke da ɗaci ko dafi, in maƙala a reshe in ga wadda tsuntsu zai ci. A ƙauyen kakannina a Jigawa na fara. Can dai korayen suke cinyewa, jajayen kuwa har su bushe ba a taɓa su ba. Saura in gwada na birni.

Manajan wata masana'antar fata a Challawa ya ba ni izini da baki in yi amfani da darbejiyoyin bayan katangarsu. Ban san ana raɗe-raɗin rage ma'aikata ba, kowa a tsorace yake. Ina cikin maƙalawa na ji an riƙe min riga. Maigadi ne, dattijo, bayansa masu aikin safe sun taru.

"Malam, wa ya aiko ka ka binne mu?"

"Baba, wallahi fulawa ce. Bincike nake yi."

"Bincike da ja da baƙi a jikin bishiya? To mu ma yanzu za mu bincike ka," in ji wani mai takalmin roba. Aka yi dariyar da ba ta da daɗi.

Na kira manaja, wayarsa a kashe. Na ce su bari in ci ɗaya su gani, suka ce ai mai asiri da makarinsa yake yawo. Wani har ya fara neman lambar 'yan sanda. Ni kuwa mahaifina nake tunani, malamin Islamiyya a Hotoro, a ce an kama ɗansa da sammu.

Dattijon ya ɗaga hannu. "Tsuntsu ba a haɗa baki da shi. Mu ja baya. In ya ci, abinci ne, ka tafi. In ya ƙi, sai ofishin 'yan sanda."

Ni kuwa na san a ƙauye tsuntsu bai taɓa cin jajayen ba. Muka tsuguna a inuwar wata tirela, warin jima na dukan hanci, ina ta salati a zuci. Can wani ɗan tsuntsu mai ruwan toka ya sauka, ya karkata kai, ya matsa, ya dawo. Sai ya fizge ja ɗin nan ya haɗiye, ya nemi ta biyu.

"Kai! Wannan ɗan birni ne, ko ledar alawa ci zai yi!" in ji mai takalmin roba. Dattijon ya sake ni, ya ce, "Gobe ka fara da sallama."

Ba zan ce duk tsuntsayen birni haka suke ba. Mai yiwuwa sabo da tarkacen bola masu launi ne ya cire musu tsoro, mai yiwuwa yunwa ce kawai. Abin da na tabbatar shi ne, izinin mai ofis ba ya isar wa mutanen da ke bakin ƙofa. Tun daga ranar, su nake fara zama da su in yi bayani.

In akwai wanda ya halarci wurin ya ga na kauce a wani abu, don Allah ya gyara min.