Farin Sabulun da Ya Koma Ruwan Ƙasa

Ko da na tsufa na daina juya sabulu, ba zan manta da makon da farin sabulunmu ya rikiɗe mana ba. Lokacin ina ma'aikaciya a ɗan ɗakin haɗa sabulu na Hajiya Gambo da ke Agege, kuma ni ce mai juyi. Hajiya mace ce mai sakin hannu, amma akwai ta da saurin fushi kamar garwashin da aka fifita.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, ana jiƙa soda a ruwa a bar ta ta huce, a zuba cikin man alayyadi da man kaɗe, a yi ta juyawa har ya yi kauri. Sai a sa turare, a juye cikin akwatin katako. Idan ya daskare a yanka, a jera a kan kanta ya sha iska na wasu makonni.

Wata Alhaja daga Mushin ta ba mu aikin sabulun da za ta raba wa baƙi a bikin ɗanta. Sharaɗinta ɗaya ne: fari tas. Ranar haɗi, kafin a sa turare, na ɗebi kaɗan na zuba a ƙaramin akwati saboda wata mai jego da fatar jaririnta ba ta son ƙamshi. Sauran kuwa, bayan turaren da muka saba, Hajiya ta shiga ɗaki ta fito da kwalbar wani turare mai daɗi da ƙanwarta ta aiko mata daga Maraɗi, ta tuttule shi duka. Ta ce, "Wannan gyara ne. Mai biki ba a ba ta kaya haka kawai."

Muna jera sabulun sai ga Iya Basira, Bayarabiyar da shagonta ke jikin namu. Ita da Hajiya tare suka yi goyon 'ya'yansu, kullum a kwano ɗaya suke cin abincin rana. Ta tafa hannu ta ce, "Ah ah! Gambo, wannan sabulu ya yi kyau o! Kamar madara!" Ta ɗauki guda ta shafa a kumatu, ta mayar, ta fita tana dariya.

Bayan 'yan kwanaki sabulun ya fara ja-ja a gefe. Kafin mako ya zagayo ya zama ruwan ƙasa. Hajiya ta duba soda, ta duba mai, ta shinshina ruwan rijiya, ba ta ga laifin komai ba. Can ta zauna a kan bokiti ta ce, "Na gane. Ta yaba, ba ta ce masha Allah ba. Kambun baka ne."

Daga ranar ta daina amsa gaisuwar Iya Basira. Kwanon abinci ya zo, ta sa aka mayar. Wallahi abin ya dame ni fiye da asarar sabulun, don sabulu ana sake shi. Ina ganin Iya Basira a bakin shagonta tana leƙenmu, ba ta ma san laifinta ba.

Ranar da mai jego ta zo karɓar nata, na sauko da shi daga ƙarshen kanta, fari fes. Hajiya ta ƙura masa ido. Ta ɗauki guda ɗaya, ga shatin yatsa a jiki.

Ta ce, "Ke, ba wannan Basira ta shafa a kumatu ba?"

Na ce, "Shi ne, Hajiya."

"Me ya raba shi da sauran?"

"Turare."

Ta tashi ta ɗauko kwalbar turaren nan na Maraɗi. Da ta kai ta wurin mai sayar mana da kayan haɗi, yana shinshinawa ya ce akwai banila a ciki, wato ƙamshin nan da ake sa wa kek, kuma duk sabulun da ta shiga, iska na taɓa shi zai yi duhu. Muka sake wa Alhaja wani, ya isa kafin biki.

Abin da ya rage shi ne mai wuyar. Hajiya ta yi ta gyara ɗaurin ɗankwali, sannan ta ɗora mini tire cike da sabulun, muka shiga shagon. Ta faɗi gaskiya, ba ta rage komai ba. Iya Basira ta saurara har ƙarshe, sai ta zame ɗankwalinta ta nuna furfura.

"Gambo, da idona na mayar da fari baƙi, kina ganin zan bar kaina haka? Kullum fa ina duba madubi!"

Hajiya ta yi dariya har da hawaye, ta rungume ta.

Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin shiga: duk sabon turare, a gwada shi a ɗan kofi a jira mako. In kuma sabulu ya ɓaci, ku fara binciken abin da hannunku ya zuba kafin ku kalli maƙwabciya.