Maganin Hajiya Ladi a Cikin Kula

Ku sababbin ma'aikata kuna dariya in kun ji ina tambayar 'yan kasuwa inda maganinsu yake kafin a rufe kwantena. Ni kuwa har gobe ba zan manta da ranar da ruwan sama ya cinye titunan Dubai ba, har jirage suka kasa tashi. Lokacin ni ne shugaban masu lodi a sitonmu na Ras Al Khor.

A aikinmu, girman wurin da kaya ya ci ake dubawa, shi ya sa ɗan kasuwar Kano ba ya barin rami. Amma babu kamar Hajiya Ladi, wata dattijuwa mai sarin kulolin abinci. Kowace kula sai ta cusa mata turare, safa ko 'yan kunne. Da ina shiga, da ni ma ta cusa ni.

Ranar ta zo ganin ƙarshen lodinta, da niyyar daga nan ta wuce filin jirgi. Mun rufe kwantenar, mun buga hatimi, sai ruwa ya tare hanya. Can da la'asar na gan ta dafe da kai, ta ce tana gani dishi-dishi. Na tambayi maganin hawan jininta. Ta sunkuyar da kai.

"Malam Sani, ai na ga yau zan tafi, kuma akwai wani maganin a gida. Na nan kuwa na cusa shi cikin kula."

Na ce wacce? Ta ce ja. Duk kulolin jajaye ne.

Gaskiya na tsorata, don hanyar asibiti da ta kantin magani duk sun zama kogi. Na kira manajanmu, wani Balarabe, ya ce dokar kamfani ba a karya hatimi. Na ce to ya zaɓa, hatimi ko ran uwar wasu.

Ya ce da Larabcinsa, "Khalas, yalla," wato shi ke nan, maza a buɗe.

Muka yi ta sauke kwalaye muna kwance murafe, gumi har ido. Ita kuma tana kwance a benci, da ƙyar take magana, amma tana gargaɗin kada a ƙwarzane mata kaya. Sai dab da magariba muka same shi ƙarƙashin safa.

Ta sha, ta huta. Da ta dawo hayyacinta, ta dubi kular, ta zaro ɗankwali daga jakarta, ta ce a toshe gurbin maganin, kada wurin ya tafi a banza.

Mutanenmu ke nan. Suna tuna kowane kwali, su manta da jikin da ya kawo su. Don haka ku yi dariyarku, amma sai na ga magani a jakar hannu nake buga hatimi.