Tsohuwa Mai Sauraron Iska

Mai shayin tasha bai san sunanta ba. Kullum rediyonsa ya fara hasashen yanayi sai ta matso, doguwa, bayan hannuwanta duk tabon ƙuna. Ba ta sayen komai.

Yau rediyon na cewa iska za ta yi ƙarfi, ciyawa ta bushe ƙamas, kada a kunna wuta a daji. Tsohuwar ta tsinko ciyawa, tana murza ta kusa da kunnenta.

"Inna, gona gare ki a can?" in ji mai shayi.

"Gonar ta sake tsirowa, ɗana," ta ce, tana take guntun sigarin da wani ya yar. "Yaron da ke noma min ita ne bai dawo ba."